Gidajen teres a Abuja: ingancin gini da abin da aljihu zai iya ɗauka (tambayoyi da amsoshi)

Duk wanda ya bi ta Lokogoma, Galadimawa, Lugbe, Dawaki ko bayan Life Camp a 'yan shekarun nan ya ga jerin gidajen nan masu manne da juna suna tsirowa kamar an shuka su. Masu sayarwa teres suke ce musu. Bene ne, gida huɗu ko shida ko takwas a layi guda, bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabcinka. Aikina ya shafi duba gini, don haka da wuya wata ya ƙare ba wani ɗan'uwa ko aboki ya kira ni in raka shi ya ga wanda ake tallata masa ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne na fi sha, kuma na amsa su yadda nake amsa wa na jikina.

Me ya sa yanzu kowane kamfani teres yake ginawa?

Tsadar fili ce ta jawo. An tsara Abuja a takarda tun 1979, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991, kuma tsarin ya ɗauka cewa hukuma za ta riƙa shimfiɗa titi da ruwa da wuta a kowace gunduma kafin mutane su iso. Sai mutane suka riga ta isowa. Bayan Gwarinpa, wadda Hukumar Gidaje ta Tarayya ta gina a zamanin Abacha, gwamnati ta koma raba wa kamfanoni manyan filaye su gina su sayar. Filin da ke kusa da titi mai kwalta ya yi tsadar da ba za a ɗora masa gida ɗaya a mayar da kuɗi ba. Fuloti mai ƙafa 100 ba 100, wanda a da mutum ɗaya zai kewaye ya zauna da iyalinsa, yau gida huɗu ko biyar ake jerawa a kansa. Kuɗin ƙasa ya rabu gida biyar, bangon tsakiya mutum biyu ke amfani da shi, rufi ɗaya ne, bututun ruwa gajere ne.

Wannan dabarar ba ta da laifi ko kaɗan. Birni ba zai yi ta miƙewa har Gwagwalada da Keffi ba don kowa yana son katanga huɗu nasa shi kaɗai. Ni kaina ina goyon bayan teres. Abin da ke damuna shi ne yadda ake gina da yawa daga cikinsu.

To, in dai rage kuɗi ake yi, me ya sa har yanzu ya fi ƙarfin ma'aikaci?

Saboda abin da aka rage a kuɗin fili ya dawo ta wasu ƙofofi. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, kayan gini sun yi tashin gwauron zabi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnati ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da magana a kan 7,000 zuwa 8,000. Rodi, tayil, wayar wuta, kayan banɗaki, duk dala suke bi. Ga shi a yawancin sabbin unguwannin nan kamfani ne ke yin titin ciki, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayo taransifoma, ya ja lambatu. Duk wannan kai mai saye za ka biya.

Sai maganar rance. Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya yana ba masu zuba kashi 2.5 na albashinsu a Asusun Gidaje na Ƙasa rance a kan ruwa kashi 6, na tsawon lokacin da zai iya kai wa shekara 30. Yi lissafin naira miliyan 15 a haka: kusan 90,000 za ka riƙa biya duk wata, alhali mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Kuma miliyan 15 ba ta sayen teres a cikin Abuja. Idan bankin kasuwa ka nufa, inda ruwa ya kai kashi 25, ruwan miliyan 15 kaɗai ya haura 300,000 a wata, ba ka taɓa uwar kuɗin ba. Banda wannan, da yawa daga cikinmu ba sa son rancen da ke da ruwa a ciki ko nawa ne. Shi ya sa mai gini yake matsa farashi ƙasa ta kowace hanya don ya sami mai biya a hannu, kuma a nan ne matsalar inganci take shigowa.

Me kake nufi da inganci? Ai gidajen suna da kyau.

Suna da kyau a ido, wannan gaskiya ne. Amma inganci iri biyu ne, kuma kasuwar Abuja ta fifita wanda ya fi sauƙin gyarawa a kan wanda ba ya gyaruwa.

Akwai abin da ido ke gani ranar da dillali ya buɗe maka ƙofa: tayil mai sheƙi, silin POP mai hawa uku da fitilu a ɓoye, ƙofar ƙarfe ta Turkiyya, dutsen ado a fuskar gida, fenti fari da toka-toka. Duk waɗannan za ka iya cirewa ka sa wasu bayan shekara biyar idan Allah ya hore maka. Akwai kuma abin da aka binne ko aka yanke hukuncinsa tun a takarda: zurfin fandisho, yawan rodi a cikin ginshiƙi da dekin, ƙarfin bulo, inda gida ya fuskanta, girman taga da inda aka sa ta, faɗin matakala, tsayin ƙasan gida a kan titi, hanyar da ruwan sama zai bi ya fita. Waɗannan idan an yi su ba daidai ba, da su za ka zauna, da su 'ya'yanka za su gada.

Idan kuɗi bai isa a yi duka biyun ba, kuma yawanci bai isa ba, to a kashe shi a kan na biyun. Gida mai daɓen siminti da silin katako, amma ƙashinsa lafiya, iska na ratsa shi, ya fi mini gidan da ke walƙiya amma bangonsa na jiƙa duk damina. Abin takaici, mai gini ya san abin da ke sa mai saye ya ciro kuɗi, kuma ba rodi ba ne. Don haka laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. Mu ma masu saye mun koya masa.

A ina ake rage kuɗin ba tare da na gani ba?

A bulo tukuna. Siminti buhu ɗaya ana iya miƙa shi ya fitar da bulo fiye da ƙima, kuma a ido ba za ka bambanta ba bayan an yi fulasta. Na taɓa raka wani ƙanena wata unguwa da ake kan gininta. Mun bar gidan da aka gama don nuni, muka zagaya baya inda leburori ke sauke bulo. Na ɗauki ɗaya na goga makullin mota a jikinsa, yashi ya zubo kamar garin tuwo. Na sake shi daga daidai ƙugu, ya dare gida uku. Ƙanen nawa bai ce komai ba, ya mayar da takardar da aka ba shi cikin aljihu muka tafi.

Sai rodi: a sa mai milimita 12 inda zane ya ce 16, ko a buɗe tazarar da ke tsakani. Sai ban ruwa. Kankare yana buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai bayan zubawa, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, amma mai gaggawa yakan cire katako ya ɗora bulo tun bai nuna ba. Sai ledar da ake shimfiɗawa kafin a zuba jaman fulo don hana danshi hawa bango. Rashinta ne ke sa fenti ya yi ta kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa. Sai wayar wuta siririya wadda ke ɗumi da zarar an kunna na'urar sanyaya ɗaki biyu.

Akwai wani wanda teres ne kaɗai yake da shi, kuma shi na fi jin tsoro. Bangon da ya raba gida biyu ya kamata ya zama bulo mai inci tara, a cika shi, ya tashi har ya taɓa kwano ko ya wuce shi. A gidaje da yawa ana tsayar da shi a daidai silin, sama kuwa a buɗe take tun daga gidan farko har na ƙarshe. Ɓera zai bi, magana za ta bi, ɓarawo zai bi, kuma idan gobara ta tashi a gida ɗaya, ta cikin rufin za ta gudu ta cinye layin. Ka nemi tsani ka leƙa ta ƙofar silin da tocila. Minti biyu ne.

Me ya sa wasu teres suke da zafi haka?

Don gidan tsakiya fuska biyu kawai yake da su, gaba da baya. Idan mai zane bai yi tunani ba, iska ta shiga ta gaba ba ta da mafita, ɗakin tsakiya da matakala su zauna cikin duhu da rana tsaka. Idan kuma aka jera layin ya kalli yamma, aka sa masa manyan tagogin gilashi babu inuwa, babu baranda, rufin kuma an ɓoye shi a bayan bango don gida ya yi kama da akwati irin na zamani, to ranar la'asar ta watan Maris da Afrilu kai tsaye take shiga ɗakin kwana.

Na shiga wani irin wannan da misalin ƙarfe uku. Ƙasa ba laifi. Da muka hau sama na ɗora tafin hannuna a bangon babban ɗaki, ɗumi yake kamar gefen tanda. Tagar irin mai zamewa ce, wadda rabinta kawai ke buɗuwa. Matar mai sayen ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana fifita da gefen mayafinta, ta ce, "Alhaji, nan in babu wuta ina za mu kwana?" Tambayarta ta fi duk abin da ke cikin takardar talla muhimmanci. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi tsawon lokaci a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225 a kowane yunit. Gidan da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyi, farashinsa bai tsaya a ranar da ka biya ba. Duk wata kana ƙarasa biyansa a mita da janareto.

Gyaran wannan a matakin zane kusan kyauta ne. A juya layin ya kalli arewa da kudu. A bar rufi ya fito ya yi wa bango rumfa. A sa taga mai buɗewa gaba ɗaya, a yi wata ƙarama a sama kusa da silin don zafi ya fita. A bar rami a saman matakala haske ya sauko. Babu ɗaya a cikinsu da ya kai kuɗin dutsen adon da ake liƙawa a fuskar gida.

Tsarin ɗakunan ya dace da zaman iyalinmu?

Sau da yawa a'a, kuma wannan ma inganci ne ko da ba a auna shi da siminti. Gidan Bahaushe na asali ya warware abubuwa da dama da ɗan abin da ke hannunsa: zaure yana tare baƙo a bakin ƙofa, tsakar gida tana ba mata wurin aiki da shan iska ba tare da idon waje ba, yara suna wasa a gaban uwarsu. A teres da yawa ƙofar shiga falo take buɗewa kai tsaye, matakala kuma a cikin falon take, don haka matar gida ba za ta sauko kicin ba sai ta ratsa baƙin mijinta. Bayan gida ɗan lungu ne da bai fi taku biyu ba, tankin ruwa da janareto sun cinye shi. Babu inda za a ajiye turmi, babu inda za a shanya, babu inda za a yanka ragon layya, ranar suna kuwa sai titi.

Ba cewa nake a mayar da teres gidan ƙasa na cikin Birnin Zazzau ba. Cewa nake ɗan ɗakin tarbar baƙi mai ƙofarsa da banɗakinsa a gaba, matakalar da ba ta ratsa shi ba, da fili ko da ƙafa goma sha biyu ne a baya ko a tsakiya, sun isa su canja rayuwar gidan. Kafin ka biya, ka tafi da uwargida, ka bar ta ta zagaya ita kaɗai.

Akwai inda aka haɗa kyau da sauƙin kuɗi, ko dai buri ne kawai?

Akwai, kuma ɗaya ba nisa. A Yamai akwai wasu gidaje shida da ake kira Niamey 2000, waɗanda aka kammala a 2016 a fili mai faɗin murabba'in mita 1,700. Mariam Issoufou, 'yar Nijar, tana cikin masu zanen da suka yi su. Benaye ne manne da juna, an gina su da tubalin ƙasa da aka matse da inji, kowanne da tsakar gidansa da wurin shan iska, an tsara tagogi yadda maƙwabci ba ya leƙa maƙwabci. Aikin ya shiga jerin waɗanda aka tantance don lambar Aga Khan ta gine-gine a 2022. Masu matsakaicin ƙarfi aka yi wa su, ba talaka tilis ba, amma sun nuna cewa ana iya cunkusa gidaje a ƙaramin fili ba tare da an yar da sirri da sanyi ba.

Na biyun a ƙasar Chile yake, a garin Iquique. A farkon shekarun 2000 aka ba Alejandro Aravena da abokan aikinsa tallafin dala 7,500 ga kowane iyali, su zaunar da iyalai 93 a filin da suke a tsakiyar gari. Kuɗin bai isa gida cikakke ba. Maimakon su yi ƙaramin gida mara kyau, sai suka gina rabin gida mai kyau, wato ɓangaren da mutum ba zai iya yi da kansa ba: ginshiƙai, dekin, matakala, kicin, banɗaki. Suka bar gurbi a gefe kowa ya cike a hankali. Aravena ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2016. Mu da muka saba gini ɗaki-ɗaki gwargwadon samu, wannan tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ke nan gara in sayi kwarangwal in ƙarasa da kaina?

Ga wanda kuɗinsa ke zuwa kaɗan-kaɗan, sau da yawa eh. Kwarangwal, wato ginin da aka yi wa rufi da fulastar waje aka bar ciki, yana da fa'ida biyu. Kana ganin bulo da kankare da idonka kafin a rufe su, kuma ba ka biyan kuɗin tayil da kayan banɗakin da wataƙila cire su za ka yi. Sharaɗinsa shi ne ka tabbata za ka iya ƙarasawa. Ka kuma tambayi nawa ne daga cikin maƙwabta suka tare, don zama kai kaɗai a layin kangwaye, da ciyawa da ƙarar guduma shekara uku, ba daɗi.

Saye tun gini yana takarda fa?

Ya fi araha, ya kuma fi haɗari. Kai ne kake ba kamfani jari. Idan siminti ya tashi a tsakiyar aiki, ɗayan uku ne: a nemi ka ƙara kuɗi, a rage inganci, ko aiki ya tsaya. In har za ka shiga, ka je unguwar da kamfanin ya gama shekara huɗu ko biyar da suka wuce, ba wadda aka yi wa fenti jiya ba, ka yi sallama da mazauna ka tambaye su. Biya ya zama mataki-mataki: fandisho, dekin, rufi. A rubuta girman rodi da irin bulo da ranar miƙa makulli a cikin yarjejeniya, a kuma rubuta cewa kana da damar kawo injiniyanka ya duba kafin kowace zuba kankare. Kamfanin da ya ƙi wannan sharaɗi na ƙarshe, ka bar masa gidansa.

Ta yaya zan san ruwa ba ya cin wurin?

Ka je a watan Agusta ko Satumba, bayan an sheƙa ruwa. Unguwanni a Lokogoma da Lugbe sun sha ambaliya ba sau ɗaya ba, har da asarar rayuka, saboda an yi gini a bakin rafi da kan hanyar ruwa. Dubi ƙasan katanga ko akwai zanen laka, dubi ko ƙofar gida ta fi titi tudu, ka bi lambatu da ƙafa ka ga inda ya ƙare. Mai shago da mai gadi na kusa za su gaya maka abin da dillali ba zai faɗa ba.

Waɗanne takardu zan nema?

Takardar mallakar filin, wadda lauyanka zai bincika a AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja. Izinin gini daga sashen kula da gine-gine na Abuja, kuma ka ƙirga: idan an amince da gida goma sha biyu ka ga ashirin a ƙasa, filin wasan yara da wurin ajiye motoci aka cinye, kuma rusau na iya biyo baya. Ka nemi sunan mai zanen da lambar rajistarsa ta ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine, da na injiniya da tasa ta COREN, hukumar rajistar injiniyoyi. Ka kuma fahimci cewa a yawancin irin waɗannan unguwanni babbar takardar tana hannun kamfani, kai takardar sayarwa ake ba ka, don haka a bayyana maka a rubuce yadda za ka sami taka da sunanka, musamman saboda ranar rabon gado.

Kuɗin hidima da ake karɓa duk shekara, dole ne?

Dole ne, domin gadi da shara da famfo da fitilun titi ba sa riƙe kansu. Abin tambaya shi ne wa ke yanke shi, wa ke riƙe asusun, kuma yaushe kamfani zai miƙa ragama ga ƙungiyar mazauna. A teres rufinku ɗaya, sokawe ma wani lokaci ɗaya ne, don haka yoyon gidan maƙwabci naka ne. A san tun farko wa zai gyara.

Na tsakiya zan ɗauka ko na ƙarshen layi?

Na ƙarshe yana da fuska uku, ya fi haske da iska, yawanci da ɗan fili a gefe, shi ya sa ya fi tsada. Amma ka duba wane gefe ne. Idan dogon bangonsa yamma yake kallo babu bishiya babu rumfa, zai fi na tsakiya zafi, don na tsakiya maƙwabta biyu ne ke kare shi daga rana. Na ƙarshen da ke gabas ya fi, in akwai hali. In babu, na tsakiya a layin da ya kalli arewa ko kudu, mai taga gaba da baya a saiti ɗaya, ba abin raini ba ne.

Ranar dubawa ka je tsakanin ƙarfe biyu da huɗu, ka ce a kashe na'urar sanyi, ka buɗe tagogi ka tsaya a saman bene minti goma. Ka sa wanda ya raka ka ya shiga gidan da ke manne ya yi magana da muryar da ya saba, ya kuma saki ruwan banɗaki, kai kana ɗakin kwana kana saurare. Sannan ka nemi tsanin nan ka leƙa cikin rufi.